A naɗi muryar kakanni domin yara, amma a naɗe ta yadda za ta sauraru

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu domin in yi magana da iyaye da matasa kan wani aiki da ba ya cin kuɗi, amma jinkiri yana kashe shi. A kusan kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa da ke riƙe da labarin zuri'a a ka: daga wane gari kakanni suka taso, me ya tashe su, wa ya auri wa, wace sana'a aka gada, me ya sa ake kiran gidan da sunan da ake kiransa. Ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Ranar da aka kai mai labarin makwancinsa, sai a riƙa jin "ai da Inna tana nan da ta faɗa mana." Yaran da ake haifa yanzu kuwa, da yawansu a birni suke tashi, nesa da ɗakin kaka, wasu ma a wata ƙasa. Wayar da ke aljihunmu ta isa ta adana musu muryar. Abin da ke ɓata aikin ba rashin kayan aiki ba ne. Wurin da aka zauna ne, da irin tambayar da aka yi, da inda aka ajiye abin da aka naɗa.

Abu na farko, a san wanda za a tura. Ɗa ko 'ya ba su cika samun labari a bakin iyayensu ba, musamman ɗan fari, saboda alkunya. Jika shi ne mutumin aikin. Tsakaninsa da kaka akwai wasa, tana kiransa maigida, kakansa namiji yana kiran jikarsa amarya, don haka zai iya tambayar yadda aka yi auren, da wanda aka fara so aka hana, ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Jikan da ya kai shekara 15 zuwa sama ya fi dacewa, don zai iya zama shiru. Idan za a zauna da tsohuwa, kada surukinta ya kasance kusa, kada kuma a tara jama'a. Mutum uku ko huɗu sun isa: mai ba da labari, mai tambaya, da yaro ɗaya ko biyu masu sauraro. Kasancewar yaron yana da amfani, domin tsoho idan yana kallon yaro muryarsa takan sauya, ya yi bayani dalla-dalla, ya kwaikwayi muryoyi. Idan waya kawai yake kallo sai ya koma jawabi kamar ana hira da shi a rediyo.

A nemi izini a fili, a faɗa wa dattijon abin da ake yi da waɗanda za su ji. Naɗar mutum a ɓoye cin amana ne, ko da niyyar kirki ce.

Sai wuri, kuma nan ne aka fi yin asara. Kunnen mutum yana tace hayaniya, makirufo ba ya tacewa. Fankar sama da kai ba ka ji ba, a cikin naɗin za ta fito kamar iskar hadari. Haka ƙugin firji, da janareton maƙwabta, da injin markaɗe, da akuyar da ke tsakar gida. Falo mai tayil da bangon siminti tsirara shi ne mafi muni, saboda murya tana dukan bango ta dawo, sai a ji mutum kamar daga cikin rijiya yake magana. Ɗakin tsohuwa na ƙasa, mai gado da katifa da labule da tabarma da tulin kaya, ya fi kowane falo, domin kayan suna shanye amsa-kuwwar. Idan rufin kwano ne, kada a yi naɗi ana ruwa, ko yayyafi ne. A kashe fanka, a rufe taga, a sallami masu shige da fice. Tun da za a kashe fanka, a guji tsakar rana a watannin bazara. Hantsi bayan an karya kumallo, ko bayan sallar isha'i, su ne lokutan da tsofaffi suka fi sakewa. A kuma lissafa lokacin kiran salla, kada a fara saura minti goma.

Kafin a danna komai, a cika cajin waya, a duba akwai sarari aƙalla gigabait ɗaya, sannan a danna alamar jirgin sama. Kira ɗaya da ya shigo yana iya katse naɗin, a wasu wayoyin ma ba za a lura ba sai an gama. A yi amfani da manhajar rikoda da ta zo da wayar, ba saƙon murya na WhatsApp ba. WhatsApp yana matse sauti sosai don ya rage nauyi, kuma saƙon yana zaune ne a cikin hira, ranar da aka sauya waya ko aka share hirar yana iya tafiya. A cikin saitin rikodar a zaɓi inganci mafi girma. Lissafin nauyi ba shi da wuya: MP3, wato nau'in fayil ɗin sauti da aka matse, idan mai kilobit 128 ne yana cin kusan megabait ɗaya a minti, awa guda bai kai megabait 60 ba. WAV, nau'in fayil ɗin da ba a matse shi ba, yana cin wajen megabait 5 a minti idan layin sauti ɗaya ne, wato fiye da 300 kaɗan a awa. Idan wayar tana ba da WAV a ɗauka da shi, don shi ne uwar ajiya. Idan ba ta bayarwa, abin da ta bayar ya wadatar.

Makirufon waya yana ƙasa, kusa da ramin caji. Wannan gefen ake juyawa wajen mai magana. Tazara tsakanin baki da waya kada ta wuce santimita 20 zuwa 30, tsawon tafin hannu ɗaya ko ɗaya da rabi. Idan ta yi nisa, ɗakin za a naɗa ba mutumin ba. Idan ta matso dab da baki, kowane "f" da "b" zai riƙa bugawa kamar an hura iska, don haka a ɗan karkata ta gefe. Kada a riƙe ta a hannu, domin motsin yatsu yana shiga. A ɗora ta a kan filo ko zane da aka ninka, a bisa kujera 'yar tsugunno. Kada a ɗora ta kan tebur tsirara ko tiren silba, kowane taɓi zai yi ƙara. Wanda ya samu ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga ya ƙara inganci, amma ya kula kada mayafi ko carbi su riƙa gogarsa. Carbi musamman: tsofaffi da yawa suna jansa suna magana, ƙararsa kuma tana fita tar. A roƙa cikin ladabi a ajiye shi a gefe, ko a matsar da wayar nesa da hannun.

A yi gwajin minti ɗaya, a tsaya, a saurara da abin saƙalawa a kunne. Wanda ya tsallake wannan shi ne yake gano bayan awa guda cewa rigar wayar ta toshe makirufo.

Da an fara, mai tambaya ya faɗi ranar, da garin, da cikakken sunan mai ba da labari, da sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, za ta ce Malam, ko Alhaji, ko mai gidan nan. Ba za ta kira sunan ɗanta na fari ba, za ta ce yaron nan ko wancan. Ga kuma sunayen sakayawa da suka cika gidajenmu, irin su Abba da Ummi da Baffa da Iya, kowane gida da nasa. Yau kowa ya san wa ake nufi. Nan da shekara 30 jikan jika ba zai sani ba. Kada a matsa mata ta karya al'adarta. Bayan an tashi, mai tambaya ya ƙara minti biyu da muryarsa, ya ce wanda ta kira Malam shi ne wane ɗan wane.

Tambaya ita ce rabin aikin. "Kaka, ba mu tarihinki" ba ya haifar da komai, za ta ce ita wane tarihi gare ta. Tambaya ƙarama ce take buɗe baki. Wa ya yi miki kitson aure? Ina kuke ɗebo ruwa, kuma wa ya haƙa rijiyar? Me aka saka miki a gara? Wane allo ka fara, a gaban wane malami, kuma ina kuka je ci-rani? Ranar da ka fara ganin jirgin ƙasa, da wa kake? Wannan tsagar ta fuskarka, ta wane gida ce? Idan gidan maƙera ne, ko majema, ko marina, ko masaƙa, a ɗauko kayan aikin a ajiye a gabansa ya riƙa kiran sunan kowanne, domin sunayen suna ɓacewa tun kafin sana'ar ta mutu. Tsohon hoto, ko tasa, ko akwatin aure, suna tayar da labarin da tambaya ba za ta tayar ba.

Kada a tambayi shekara. Yawancin tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe lokaci ba, da abin da ya faru suke riƙewa, kuma wannan ya fi tabbas. A tambaya ko an yi auren kafin zuwan Sarauniyar Ingila ne ko bayansa, mai naɗi ya san 1956 ke nan. Kashe Sardauna Janairun 1966 ne. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Sauya hannun tuƙi Afrilun 1972, shigowar naira a madadin fam da sule Janairun 1973, sannan babban farin da ya kashe dabbobi a 1973 da 1974, kashe Murtala kuma Fabrairun 1976. Mutanen Kano suna auna abubuwa da naɗin Sarki Ado Bayero a 1963. A Nijar akwai samun 'yanci a 1960 da juyin mulkin Seyni Kountché a Afrilun 1974. Gidajen da kakanninsu suka yi fataucin goro a Kumasi za su tuna korar baƙi daga Gana a 1969. Idan tsohuwa ta ce tana goyon wane aka canza kuɗi, an samu shekarar haihuwarsa, sai dai a tabbatar wane canjin take nufi, na 1973 ko na zamanin Buhari a 1984. Gidan da wani kakansu ya tafi Makka a ƙasa, ta Maiduguri da Chadi da Sudan, a dage a samu sunayen garuruwan da ya yada zango da shekarun da ya yi a kowanne, domin irin wannan tafiyar ce ta bar dangi da yawa a Sudan har yau.

Mai tambaya ya koyi yin shiru. Mun saba da amsawa, "na'am", "ƙwarai", "Allah sarki", kuma ladabi ne, amma bakinsa ya fi kusa da waya, sai muryarsa ta danne ta tsohon. Ya gyaɗa kai kawai. Idan dattijo ya yi shiru, kada a yi gaggawar cike gurbin, a ƙirga biyar a zuci. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne gundarin labarin. Idan ya kauce hanya a bar shi. Idan ya yi kuskuren suna ko ya saɓa da abin da wani ya faɗa, kada a yi masa gyara a nan, domin tsohon da aka ƙaryata a gaban jika ba zai sake sakewa ba. A naɗi ɗayan daban, a ajiye duka biyun. Zama ɗaya kada ya wuce minti 30 zuwa 45. Murya tana gajiya, kuma zama huɗu gajeru sun fi guda ɗaya dogo, don tsakanin zama da zama yakan tuno abin da ya manta. A ajiye ruwan sha kusa. A bari ya gama cin goronsa tukuna.

A ware zama guda domin tatsuniya da waƙoƙin mata: na daka, na niƙa, na reno, na gaɗa, da kirarin gidan idan akwai. A nan dokar shiru ta faɗi. Dole a samu yara su amsa "ta zo mu ji ta" idan ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", su kuma karɓi amshin waƙar da ke ciki, har zuwa ƙurunƙus. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da aka yi wa waya ita kaɗai ba ta da rai. Kuma a yi shi da dare, tsofaffi da yawa ba sa yarda su yi tatsuniya da rana.

Yanzu maganar da ba a so a yi. Idan baki ya buɗe, abubuwa za su fito da ba na yara ba ne: rikicin gado, iyakar gona, dalilin wani saki, asalin wani gida, laifin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Saboda haka naɗi iri biyu ake ajiyewa. Akwai cikakke, wanda ba a taɓa ba, yana hannun mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana. Akwai kuma gutsattsarin da aka yanko domin yara. Cikakken kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi, domin abin da ya shiga can ya fita daga hannu, kuma magana ɗaya kan gona tana iya raba zumuncin shekara 50. Idan dattijo ya ce "kashe wannan abin", a kashe a gabansa ya gani. Kada kuma a kai memorin wurin masu tura fina-finai a kasuwa don su juya, ana iya kwafe komai a kwamfutocinsu, kuma ta nan memori yake kwaso cuta.

Na yara gajeru ake yi, labari ɗaya a fayil ɗaya. Ɗan shekara huɗu zuwa bakwai minti uku zuwa biyar ya ishe shi, wanda ya kai goma zai iya zama minti goma zuwa 15. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta, tana yanka tana kuma ɗaga muryar da ta yi ƙasa, akwai irinta a waya. Kullum a kan kwafi ake yanka, ba a kan uwar ba. Kada a wuce gona da iri wajen goge hayaniya, yana mayar da murya kamar ta cikin gwangwani. Kada a cire dariya, ko tari, ko karin harshe. Idan kaka Basakkwata ce ko Bagobira, ko Hausar Damagaram take yi, haka jikokinta ya kamata su ji ta, don karin yana cikin gadon. Ni ban ga amfanin sa kiɗa a ƙarƙashin muryar ba, yana janye hankalin yaro ne kawai.

Wajen sauraro, ƙaramar rediyo mai cin memori ta fi miƙa wa yaro waya, domin waya a hannunsa minti biyu ne ya koma kallon bidiyo. Sai dai irin waɗannan rediyoyin suna da sharaɗi biyu da ke rikita mutane. Da yawansu MP3 suke karantawa, alhali wayoyi da dama da wani nau'in da ake kira m4a suke ajiyewa, don haka sai an juya fayil ɗin zuwa MP3. Sannan memorin da ya haura gigabait 32 yana zuwa da wani tsari da ƙananan rediyoyi ba sa ganewa. A sayi mai 8 ko 16, ya isa ya yi yawa, tunda gigabait ɗaya yana ɗaukar wajen awa 17 na MP3. A sa lamba a farkon sunan kowane fayil, 01, 02, 03, yawanci hakan yana taimaka su bi jeri. A saurara tare da yaran bayan isha'i, a tsayar idan sun yi tambaya, a fassara musu kalmomin da ba su sani ba, irin su sule da ahu da zango da madugu. Idan mai labarin yana raye, tambayar da ta gagara a kai masa, ita ce za ta buɗe zama na gaba.

Ajiya ita ce inda aikin shekara yake mutuwa a dare ɗaya. Waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, mai gyara yana share ta. Kwafi uku ake yi, a wuri uku, a ranar da aka yi naɗin: ɗaya a memori ko filas a gida, ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma hotuna da wasiƙu suna ci daga ciki, kuma kamfanin yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a buɗe ba, don haka mutum biyu su san kalmar sirrin. Idan za a aika wa dangi ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, wato "document", ba saƙon murya ba, don ya isa yadda yake. A yi hattara da memorin jabu, wanda aka rubuta masa 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana nuna kamar ya karɓa, sai an zo buɗewa a tarar da fayil a mace. Gwajinsa shi ne a cika shi da kaya, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na ƙarshe. Memori na gaske ma ba ya son zafi da doguwar ajiya, saboda haka a sa al'ada duk Babbar Salla a fito da shi a saurara, duk bayan shekara uku ko huɗu a juye a sabo. Sunan fayil ya ƙunshi shekara da wata da sunan mai magana da batun, kada a bar shi da lambar da waya ta ba shi.

Gidajen da ke da tsofaffin kaset a akwati, musamman irin wasiƙun murya da ake aikowa daga Makka ko Kurmi kafin zuwan wayar hannu, su ma su fito da su. Kada a saka kaset mai daraja a rikodar da ta shekara ba ta yi aiki ba, sai an gwada ta da wani, domin robar da ke jan zaren idan ta tsufa tana cinye shi. A goge kan rikodar da auduga da ɗan sifirit, a ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset ɗin don kada a naɗi wani abu a kansa bisa kuskure, a juya zaren da biro a ga yana tafiya. In akwai igiyar haɗa rikoda da kwamfuta ita ta fi. In babu, a ajiye waya tafin hannu ɗaya daga lasifika a ɗaki shiru. Kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe, kuma haka za a zauna a jira shi. Bayan an juye, a adana kaset ɗin, kada a yar.

A ƙarshe a sayi littafi mai bango mai kauri, a rubuta kowane naɗi: rana, mai magana, mai tambaya, abin da aka tattauna, sunayen da aka sakaya da na ainihi, da waɗanda dattijon ya yarda su ji. Littafin ya zauna tare da memorin gida, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a haɗa da sauran kwafin biyu.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu, daga Zariya